Suna Yaba Azumina, Ni Kuwa Tsoron Abinci Nake

Anti Safiyyatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Mijina ɗalibi ne a jami'a a nan Madina, shi ya kawo ni daga Gusau bayan aurenmu. Yana fita da safe, ba na ganinsa sai bayan Isha'i. A unguwar Bani Harisa muke, tagar ɗakin ma bango take kallo. Ba uwa, ba ƙanwa, ga Larabcina bai wuce na sayen burodi ba. Shekarar farko abinci ne abokin hirata, na kuwa yi ƙiba. Da na aika hoto gida ta hannun alhazai, Innata murna ta yi, wai Madina ta karɓe ni.

Sai maƙwabciyata Hajiya Ƙaltume ta ja ni wani biki. Ita haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Da muka cire abaya a ɓangaren mata, 'yarta Hanan ta dube ni ta faɗi wata magana da Larabci, ƙawayenta suka kwashe da dariya. Ban gane duka ba, amma abin da na gane ya ishe ni. Tun ranar na tsani madubi.

Na fara da azumin Litinin da Alhamis, na ƙara na tsakiyar wata, yanzu kusan kullum ne. Anti, a garin nan wa zai ce wa mai azumi ta daina? Mijina har alfahari yake yi da ni. A Harami ina taya Hajiya shimfiɗa sufra, wato ledar da ake jera abincin buɗe-baki a kai, in raba wa baƙi dabino da burodi, ni in tsotsi dabino ɗaya in ce na ƙoshi. Wata rana kuma in na dawo ni kaɗai, in cinye duk abin da ke firij kamar an aiko ni, in je in amayar, in zauna ina kuka. Al'adata ta ɗauke, gashina yana zuba. Ranar Juma'a jiri ya kayar da ni a farfajiyar masallaci, aka ce zafi ne. Abaya ta rufe komai, ba wanda ya ga yadda na koma.

Jiya gab da Magariba a Harami wata tsohuwa 'yar Nijar ta riƙe hannuna, ta ce an gaya mata kullum cikin azumi nake, in yi wa ɗanta marar lafiya addu'a. Na ɗaga hannu, bakina ya ƙi motsi. Ni na san dalilin azumin nan. Anti, shin munafuka ce ni?

Baƙuwar Madina

Ƙanwata,

Ke ba munafuka ba ce, marar lafiya ce. Ciwon nan likitoci sun san shi: tsoron abinci da ƙyamar jiki su kama mutum har su raba shi da lafiyarsa, kuma kaɗaici irin naki yana rura shi. Yana iya taɓa zuciya, don haka ba abin jinkiri ba ne.

Azumi alheri ne, ba na musu. Amma jikinki amana ne, kuma nafila ba ta zama dole ba. Ki ajiye ta har sai likita ya ba ki dama. A makon nan ki je asibiti a duba jininki da zuciyarki, ki faɗi komai, har aman. Ki nemi a haɗa ki da likitar da ke sauraron damuwa, a sa miki mai fassara in Larabcin ya gaza. Zuwa wurinta ba hauka ba ne, kuma zama ɗaya ba ya isa.

Mijinki ya yi sakaci, amma abin da kika nuna masa shi ya gani. Ki zaunar da shi, in bakinki ya yi nauyi ki miƙa masa shafin nan. Hanan ba ta kyauta ba, ko da wasa take. Uwarta kuwa, da ta ja ki biki ta ja ki Harami, mai son ki ce. Ki gaya mata, ki riƙa cin abincin rana tare da ita a faranti ɗaya.

Ɗan tsohuwar nan, ki yi masa addu'a yau bayan kin ci kin ƙoshi. Allah yana ji. Ki sa sunanki kusa da nasa, ku biyu kuke neman sauƙi.

Allah ya ba ki lafiya, ya yaye miki kewa.

Anti Safiyyatu