Laimar Shirwa

Zuwa ga matata, Sarauniyar Keke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya ciwon bayan nan? Na san ba ki sauka daga kan keken ɗinki ba, ko da likita zai yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

Mu nan lafiya lau. Ƙaninki Auta ya yi ƙiba a nan, kada ki saurari ƙorafinsa.

Kin san a da mu arba'in ne a sansanin nan, yanzu mu goma sha biyu. Sauran aikin an ɗora wa Shirwa, ɗan jirgin nan marar matuƙi da nake gyarawa. Ita ke duba hanya kafin 'yan sintiri su taka. To, shekaranjiya laimar da take sauka da ita ta yage. Oga ya nemi sabuwa, aka ce babu kuɗi sai baɗi. Litinin ta sama za a buɗe tsohuwar hanyar rafi, kuma su Auta ne a gaba. In Shirwa ba ta tashi ba, da ƙafa za su nemi nakiya. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Na gwada ɗinke ta da allurata, ya fito kamar ɗinkin buhu. Ga laimar nan na ba direban motar abinci. Ki rufa wa mijinki asiri.

Naki har kullum,
Bakanike

Zuwa ga matata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ya bayan naki bayan wannan aiki?

Saƙo ya iso ranar Lahadi. Na ga kin bi kowane layi sau uku, halin nan naki da na shekara tara ina yi wa tsiya, ina cewa wandona ba tanti ba ne. Direba ya ce kin ture ɗinkin mutane gefe har wata ta karɓe yadinta cikin fushi. Allah ya mayar miki da alheri.

Shirwa ta tashi. Ta hango alamar sabon haƙa wuri biyu gab da gada, aka tona, aka samu abin da muke tsoro. Ta dawo ta sauka a hankali, ko zare ɗaya bai motsa ba. Auta ya daɗe yana shafa ɗinkin, ya ce ya gane hannun yayarsa. Ni dai na juya baya don kada ya ga idona.

Yau da safe Oga ya ƙirga mu a fareti, ya ce mu goma sha uku ne, har da ke. Na daina tsiya, ki ninka ɗinkin wandona yadda kika ga dama.

Mijinki mai kewarki,
Bakanike