Ƙorafi Kan Umarnin Rushe Dakalin Gida Mai Lamba 14

Zuwa ga:
Malam Illiassou Bukari,
Shugaban Kwamitin Masu Gidaje na rukuninmu,
Vénissieux, Lyon.

Daga:
Rauda Attahiru, gida mai lamba 14.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024.

Game da: Umarnin rushe dakalin ƙofar gidanmu ranar 2 ga Disamba, 2024.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saura kaɗan in fasa rubuta wannan takarda. Ban taɓa yi wa hukuma magana ba, ko Malam idan muka haɗu a hanya kaina nake sunkuyarwa. Na rubuta da Hausa don ita na iya, na kuma san Malam mutumin Maradi ne, zai iya maida wa kwamiti da Faransanci.

1. Mahaifina, marigayi Malam Attahiru, ya samu shanyewar ɓarin jiki a watan Janairu, 2022. Bayan ya fito daga asibiti, taku bakwai yake iya yi daga ƙofa, daga nan sai ƙafa ta ƙi. A watan Afrilu ya sa aka gina masa dakali na siminti daidai wurin taku na bakwai. Bai nemi izini ba. A garinmu Damagaram ba wanda ke neman izini kafin ya yi dakali a ƙofar gidansa, bai kuwa san nan dabam ba ne. Ban musanta cewa an saɓa wa dokar tsarin gidaje ba.

2. Biro, wato ofishin da ke kula da rukunin namu daga Paris, ya ce ya aiko gargaɗi sau uku: Yuni da Oktoba, 2023, sai Maris, 2024. Gaskiya ne. Ni na karɓa, ni na sa hannu. Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Duk lokacin da Baba ya tambaye ni abin da takardar ta ce, sai in ce masa talla ce, don ina jin kunyar ya gane ban iya karanta Faransanci ba. Da na ɗauki hoton takardun na aika wa Yaya Kamalu a Bobigny, da ya fassara mini cikin minti biyar. Ban aika ba. Saboda haka inda biro ya rubuta cewa mai gidan ya yi biris da gargaɗi, wannan ba daidai ba ne. Baba ya rasu ranar 9 ga Satumba, 2024, bai san akwai mai ƙorafi a kansa ba. Mutum ne da ko motarsa bai taɓa ajiyewa a wurin ajiye motar wani ba.

3. An yanke hukunci a kan hoton dakalin guda ɗaya. Ba wanda ya zo daga Paris ya gani da ido, ba wanda ya tambaye mu dalili.

4. Mahaifiyata, Hajiya Fatsima, tana cikin takaba har zuwa 16 ga Janairu, 2025. Ba ta fita. Maza masu zuwa gaisuwa a dakalin suke zama, ita kuma ta amsa daga bayan ƙofa. Idan aka rushe, ba mu da inda za mu ajiye su sai tsaye a titi cikin wannan sanyi. Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba. Inna ta ce bayan sallar asuba tana jin ana buga sanda a kan simintin sau biyu, yadda Baba yake yi idan yana son shayi. Ban kawo wannan a matsayin hujja ba. Ni ban ji ba, sai dai har yanzu kofi uku nake fitarwa, sai na zo zubawa in mayar da ɗaya. Ban faɗa mata zancen rushewa ba, ban san ta inda zan fara ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, a ɗaga ranar rushewa zuwa bayan fitar Inna daga takaba. A ba ni dama in zo gaban kwamiti tare da yayana mu nemi izinin da ba a nema ba. Idan kuma an ƙi duka, to a cire sunan Baba daga takardar da ta ce ya yi biris, a sa nawa.

Abu na ƙarshe, don kada a zargi wani. Ranar Alhamis, 14 ga wata, ma'aikata biyu sun zo sun fesa jan fenti a kan dakalin, alamar abin rushewa. Washegari da safe, kafin Inna ta ɗaga labulen tagarta, na fita da bokitin ruwan zafi da buroshi na goge. Bai fita duka ba, ya shiga cikin simintin. Na shimfiɗa darduma a kai, na danne gefenta da duwatsu. Idan ma'aikata sun zo ba su ga alamarsu ba, ni ce.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya ba shi haƙurin karanta wannan.

Mai biyayya,
Rauda Attahiru