Tsaron Kujerar Rumki

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Yau na sami aiki. Shekara goma sha ɗaya da ajiye alƙalamina na kwafe takardun filaye a ƙofar ofishin rajista na Khulna, ga shi an sake ɗaukata, ba albashi. Jikata Rumki ce uwar gidan.

Ga yadda abin yake, in na fahimta. Darasin nan da ya kayar da ita sau biyu, wanda ake koyon nauyin da azara za ta ɗauka kafin ta karye, ranar ashirin ga wata za ta sake zama jarrabawarsa. In ta faɗi na uku jami'a za ta sallame ta, shekara uku na karatun injiniya sun bi ruwan kogin Rupsha ke nan. Littafin darasin kuwa ba a takarda yake ba. Laburaren jami'a ne ya saye shi ta intanet, ita kuma tana buɗe shi a wani allon gilashi da ubanta ya aiko daga Muskat. Mutum uku kaɗai ke iya buɗe shi lokaci guda, su kuwa sun haura ɗari a aji. Kujera uku, haka suke cewa. Wanda ya hau, in ya yi minti goma sha biyar bai juya shafi ba, littafin ya rufe kansa, wani ya haye.

Jiya ta dace ta samu ɗaya, ba ta kuma son saki. A hanya layi na yankewa, a aji malamai ba sa son ganin allo. Saura wa? Tsohon da ke zaune a gida, Dadu, kamar yadda take kiran kakanta.

"Dadu, ba karantawa za ka yi ba. Taɓawa kawai, duk minti goma."

Na ce, ashe littafi ma ya koma jariri, sai ana jijjiga shi?

Ba ta yi dariya ba. Yarinyar nan ta rame.

Talata, 7 ga Nuwamba

Ta kama ni ina lasar yatsa kafin in juya shafi. "Dadu! Gilashi ne!" Na ce to gilashin ya yi haƙuri, yatsan ya girme shi da shekara saba'in.

Abokina Horipodo ya zo da yamma shan shayi kamar kullum. Tun da ya daina aski bakinsa ne ya gaji askar. Ya tarar da ni na ajiye agogo a gefen allo, na zuba masa ido.

"Munshi, me kake gadi?" Haka yake kirana, wato magatakarda.

"Kujera."

Ya duba ɗakin. "Wace? Wannan mai ƙafa uku da rabi? Ko ɓarawo ya ɗauka zai dawo maka da ita."

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har muri, gugurun shinkafar da muke ci da shayi, ya shaƙe shi. Ni ban yi ba, saura minti biyu ne.

Laraba, 8 ga Nuwamba

An ɗauke wuta, akwatin intanet ya mutu. Minti goma sha ɗaya, na ƙirga su a carbi. Da aka kawo, kujera na nan.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Abin da zan rubuta yau tsakanina da wannan littafi ne.

Zama a gaban rubutu ba tare da alƙalami ba ya fi ƙarfina. Tun ranar Alhamis na ciro ragowar takardun ofis daga ƙasan akwati, na fara kwafe shafukan da nake juyawa. Turancin ban san abin da yake faɗa ba, amma yaushe na taɓa sani? Shekara arba'in ina kwafe tsofaffin takardun filaye masu hatimin Turawa, ba a taɓa kama ni da ɗigo ɗaya da ya ɓata ba. Zanen ma na yi: azara kwance a kan duwatsu biyu, kibiyoyi na danna ta daga sama. Gadar gora ta ƙauyenmu ce sak, ranar kasuwa.

Sai dai Rumki ta faɗa mini tun ranar farko cewa laburare ya hana a kwafi littafin. In ka ɗauki hotonsa baƙi yake fitowa, wanda aka kama kuma a rufe masa suna. Ni na san hukuncin kwafe ba izini, na ga waɗanda aka ɗaure. Don haka takardun suna ƙarƙashin katifa. Gobe zan daina.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Ban daina ba.

Azahar da La'asar a gefen allo nake yinsu yanzu, da gajerun surori. Allah ya yafe mini, yau a raka'a ta uku agogo nake tunawa.

Rumki ta ce akwai waɗanda mako biyu ba su ga littafin ba. Sauran kujeru biyun, ɗaya uwar wani ce ke tsare masa, ɗaya kuma ba a san ko wane ne ba, ba ya barci. Horipodo ya ce, "Wato tsofaffi uku sun hau kujerun yara ɗari sun miƙe ƙafa." Na ce ya sha shayinsa. Amma maganar ta zauna mini kamar ƙayar kifi.

Kakata tana da labarin wani da aka ba ajiyar wuri a jirgin fito, ya tsare wurin har jirgin ya ruɓe. Na manta yadda ya ƙare. Ina jin barci ne ke kwashe ni kullum kafin ƙarshen.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Saura kwana huɗu. Gobe malaminsu ya sa musu bita har ƙarfe biyu, uwarta kuma tana Jashore wajen 'yar'uwarta. Ni ga Juma'a. An shirya: Horipodo zai zo sha biyu da rabi ya karɓe ni. Rumki ta koya masa taɓawa har sau uku.

"Ka ga amfanin aboki Bahindu," in ji shi. "Kai ka je ka roƙa mata, ni in tsare mata. Ta ko'ina an rufe."

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Na rasa kujerar. Ni, da hannuna.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka. Sha biyu da rabi ta yi, Horipodo bai zo ba. Na yi wanka, na sa farar riga, na juya shafi. Aka yi kiran salla. Na leƙa ta taga, na hango shi can bakin lungu yana tafe da lemarsa, yana tsayawa gaisawa da mai kayan miya. Minti uku ya ishe shi. Da na fita kawai na bar ƙofa a buɗe, da shi ke nan.

Amma na tsaya ɗaukar hula, idona ya faɗa kan allon. Littafi a buɗe, ɗaki ba kowa. Tun ina yaro uwata ke dukan bayan hannuna a kan haka: ba a tashi a bar littafi buɗe, Shaiɗan ne zai zauna ya karanta, ilimin ya bi shi. Shekara saba'in ban taɓa yi ba, ko da takardar gonar wani ce. Wallahi ban yi tunani ba. Yatsa ya tafi kan ɗan gicciyen da ke kusurwa ya danna, kamar yadda ake rufe bango. Har wani daɗi na ji. Sabo turken wawa.

Muka haɗu da Horipodo a matakala, na ce masa allon yana kan tebur. Ana tsakiyar huɗuba abin ya faɗo mini. Ban san me liman ya ce ba daga nan.

Na dawo na tarar da shi zaune, lema a cinya. "Munshi, na taɓa, na taɓa. Wani jan rubutu ne ke fitowa." Ko tsokana bai yi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Rumki ta shigo ƙarfe uku. Ta karanta jan rubutun: duk kujeru a cike. Ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata gaskiya. Na so ta yi faɗa. Sai ta ce, a hankali, "Shaiɗan, Dadu? Da ka bar shi ya karanta. Shi ma zai faɗi."

Ta shiga ɗaki. Shinkafarta na nan a rufe.

Takardun suna ƙarƙashina ina wannan rubutu. In na ba ta aka gane, a rufe mata suna, na kashe ta sau biyu.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Tun safe take danna allon, jan rubutu. Kwana biyu kafin jarrabawa wa zai saki?

Na sa rigar jiya na hau keken haya zuwa jami'a, ban gaya wa kowa ba. Mai gadi ya nuna mini laburare. Na zaci zan ji ƙamshin takarda, sai sanyin na'ura da yara kowa ya sunkuya a kan gilashinsa. Shugabar sashen, Dilruba Apa suke ce mata, wato Yaya Dilruba, ba ta kai shekarun surukata ba. Ta ba ni kujera, ta gaske.

Na ce, "Apa, a ƙara kujera ɗaya, kwana biyu rak."

Ta ce, "Baba, da ina iyawa da na ƙara ɗari. Uku aka saya. Yau kai ne na tara da ya zo, sai dai kai ne na farko mai furfura."

Na tambayi na takarda. Ta ce guda ɗaya ne, tsohon bugu, wani malami ya ara tun bara.

Na miƙe zan tafi, sai na ce bari in yi tambaya irin ta mai neman fatawa. "Apa, a ce wani mutum, ba ni ba, ya zauna ya rubuta wasu shafuka da hannu. Me hukuncinsa?"

Ta cire tabarau. "Da hannu? Da alƙalami?"

"A ce."

"Wannan ai shi ne karatu, Baba. Na'ura aka hana, ba a hana ɗalibi rubutu ba. Shafi nawa wannan mutumin ya rubuta?"

Na ce arba'in da uku. Ta ce in gaishe shi.

Ban san sanda na iso gida ba. Na ɗaga katifa a gaban Rumki. Ta ɗauki takardun tana juyawa, tana juyawa. Can ta nuna kusurwar wani shafi. "Dadu, wannan fa?" Na ce yana wurin, na kwafe. Ashe agogon allon ne da alamar batir. Kowane shafi da lokacinsa.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye kuka. Na fita na ba ta wuri.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Babi na shida da na bakwai ne a hannunta, cif. Na takwas babu, ban kai can ba. Ta ce daga ukun ake tambaya. Da ban tsaya ƙawata kibiyoyi ba...

Ta baje takardun a tabarma tana bi da fensir, har tana rubutu a gefe. Ta ce a gilashi ba ta taɓa iya ajiye shafi biyu kusa da juna ba. Ta ci abinci sau biyu.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ta fita ƙarfe takwas. Ta taɓa ƙafata don neman albarka, na dafa kanta.

Ba allo, ba kujera, amma duk minti goma sai na dubi agogo. Horipodo ya zauna da ni, ya ce in na sake duba agogon nan zai aske mini gira.

Ta dawo ƙarfe biyu. Tambaya biyar, biyu daga babi na takwas. Ɗaya ta bar ta fari fat. Na ce to yaya? Ta ce, "Ban sani ba, Dadu." Ta kwanta da takalmi.

Laraba, 6 ga Disamba

Shiru. Ko an buga ƙofa sai na tashi na leƙa, kamar sakamako da ƙafa yake zuwa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ta ci. Da maki biyu a kan iyaka, amma azarar ba ta karye ba. Alhamdu lillahi.

Uwarta ta yi pitha, wainar shinkafa, da sabon zaƙin dabino, Horipodo ya ci shida yana cewa rabin makin nasa ne. Takarduna kuwa ba su dawo ba. Rumki ta ba wata yarinya 'yar ajin ƙasa da ba ta da kaka a gida. Wai har ɗalibai sun sa musu suna, bugun Dadu.

Juma'a, 12 ga Janairu

Da safe na tambayi Rumki ko littafin zango mai zuwa shi ma kujera uku ne. Ta ce biyar, na ruwa ne da bututu. Na ce ba don komai na tambaya ba. Na kuma aiki mai shago ya kawo tawada, tsohuwar ta kusa ƙarewa, shi ke nan. In za a yi, sa'a biyu a rana ta isa, sai a sauka wani ya hau. Babi na takwas ɗin nan ma yana nan yana jira.

Na dawo daga masallaci na tarar da wannan littafin nawa a buɗe a kan tebur, alƙalami a tsakiya, yadda na bar shi. Na duba, ba abin da ya ragu.

Mantuwa ce kawai.