Baƙin Ruwan Gidan Kawu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya da yara? Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Ranar Asabar Kawu Sani ya kira ni, wai hitar gidansa ta daina ɗumi. Na bar aikina na gyaran famfo a Manchester na yi doguwar tafiya har unguwarsu, Erdington. Ina taɓa radiyetocin, wato ƙarafunan jikin bango da ruwan zafi ke bi don ɗumama ɗaki, na ji sama da zafi, ƙasa sanyi ƙalau. Na tsiyayi ruwan ciki a kofi, ya fito baƙi ƙirin, da kauri kamar kunu, na nuna wa Kawu. Ashe duk sanda ruwan ya ragu, maganin hana daskarewa na mota yake ƙarawa a kan na asalin, har tsatsa ta zama laka a bututun.

Na ce sai an wanke layin bututun duka. A gaban matarsa ya tambaye ni yaushe aka haife ni. Jiya ya kira wani Bature mai gyara, Baturen ya maimaita masa maganata. Kawu har da bugo min waya, wai in je in koyi aiki a wurin Baturen.

Ki taya ni da addu'ar haƙuri, ki gaishe da Inna. Idan Kawu ya yaba miki Baturen nan, ki tambaye shi wa ya fara nuna masa kofin.

Ƙaninki,
Nasiru