Kabarin Kaka Ɗanladi

Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kaina ne kawai a ɗaure.

Na je Mahad Zahab, garin zinariyar da aka ce rami ya rufta da Kaka Ɗanladi, mahaifin Inna. Maƙabartar duk duwatsu ce, babu suna. Na rubuta a littafina: ban samu ba.

Jiya a unguwar Jarwal ina cigiyarsa, wata tsohuwa, Rumasa'u, ta ce, "Ɗanladi ɗan Anka? Wallahi ubana ne, ya waladi, yarona. Nan Makka ya tsufa."

Yaya, wushiryarta irin ta Inna ce sak. Ko idona ne?

Shekara saba'in Inna tana cewa mutuwa ce ta hana shi dawowa. In gaya mata? Rumasa'u tana jiran lambar wayar Inna.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Mahmudu, Makka