Kalma Ɗaya Ta Kai Matata Gaban Wanzami

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da mu mutanen Samaru da Sabon Gari muke zuwa.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni malamin firamare ne a Jushi. Sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana cewa kana taro, shi ya sa na biyo ta jarida. Ka yi mini afuwa, tsoro ne ya sa ni rubutu.

Na farko. Tun farkon damina matata Rifkatu take ramewa, alhali ta fi ni cin tuwo. Hannunta yana rawa har ta kasa zura zare a shagon ɗinkinta na unguwar PZ, ga gumi ko ana ruwa. Ka san bakin mutane a zamanin nan, wanda ya rame an gama yanke masa hukunci. Masu kawo ɗinki duk suka janye.

Ranar da ta zo wurinku ina aji. Likitan ba ya jin Hausa, ya taɓa wuyanta ya faɗi wata kalma da Turanci. Aka kira mai ba da kati ya yi tafinta, ya ce mata wai ciwon maƙogwaro ne. Surukata na jin haka ta ce ai belu ne, ta kira wanzami ya yanke. Jinin da Rifkatu ta zubar ranar, Allah kaɗai ya tsayar da shi. Ashe maƙoƙo likita yake nufi, irin wanda ke cinye jiki tun wuya bai kumbura sosai ba. Ni da nake koyar da Hausa ban san akwai irinsa ba, balle tsohuwa.

Na biyu. Da na raka ta ranar Talata, ranar da ake duba masu irin wannan ciwon, na tarar benci cike, yawanci mata, kowacce ta naɗe wuya da gyale. Wata daga Unguwar Gabas ta ce mini shekara biyu ana ba ta maganin zazzaɓi, wata kuma an ce mata iskoki ne. In ciwon ya yi yawa haka, don me babu mai yi musu bayani da harshen da suke ji?

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. An ɗebi jininta, an ce sai an aika wani gari. Yau sati shida shiru, kuma an ce babu magani sai sakamako ya zo. Idanunta sun fara fitowa waje. Likitan da kansa ya gaya mini zuciyarta tana iya gajiya da saurin bugun da take yi. In ina aji aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai in ɗauka mugun labari aka kawo mini.

Roƙona, ranka ya daɗe, a nemo mana takardar gwajin nan, kuma a sa ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa a ɗakin ranar Talata.

Ran Asabar surukata za ta zo ta tafi da 'yarta ƙauye, wurin mai sakiya, a sa mata ƙarfe mai zafi a wuya. Rifkatu ta gaji, ta ce za ta bi ta. Na ce su jira asibiti, tsohuwa ta ce, “To, ina takardar?” Yau Laraba.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye naka iyalin daga zaman bencin nan.

Wassalam, naka cikin ladabi,
Malam Bitrus, Jushi.