Sunanka a Ƙarƙashin Fuskata

Burnie,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga tsohon abokina Lindsay,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Bev da yaran da na ji an ce duk sun girma sun watse. Yaya iskar tsibirin Flinders, yaya fama da injinan jiragen masunta? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Uwargidana Glenys tana gaishe ku.

Na san za ka ce wace iska ce ta kwaso Royce bayan shekara goma sha ɗaya, tun jana'izar Dennis mai gangarmu. To ga ta. Wata 'yar Melbourne mai suna Imogen, mai ɗan ƙaramin kamfanin faifai, tana so ta sake buga faifanmu. E, shi dai, wanda muka buga guda ɗari uku a 1983, mahaifiyarka ta kwashi goma don tausayi. Ta ce a Jamus da Japan akwai masu zaman musu a kan yadda ka kaɗa jita a waƙa ta huɗu. Wani ma ya rubuta cewa da a Landan aka haifi Lindsay Tatnell, ba a bayan masana'antar takarda ta Burnie ba, da yau sunansa na bakin duk mai son kiɗan rok. Na karanta na yi dariya, daga baya na daina, don gaskiya ya faɗa.

Za a yi bikin kiɗa a Hobart ran 18 ga Yuni, an ba mu la'asar ɗin Asabar. Ka zo, Lindsay. In ban da motarka, ban taɓa roƙonka komai ba.

Ka tuna hoton bangon faifan? Mai hoto ya ce ka riƙe jitarka, ka ce ita ba jaririya ba ce da za a rungume, ka miƙo mini ita ka zuba hannu a aljihu. Sannan maɗaba'ar nan ta juya hoton, dama ta koma hagu, sunayen kuwa suna nan yadda aka jera su. Dennis da ke tsakiya bai yi asarar komai ba. Ni da kai muka yi musanyar fuska, har kai mai sanƙo ka ce ka samu gashi kyauta. Kwana biyun nan hoton yana yawan faɗo mini a rai.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Sau biyu na yi wa shinge fenti cikin sati guda, Glenys ta ce in na sake taɓa shi za ta kira likita. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Abokinka,
Royce.

Burnie,
2 ga Mayu.

Lindsay mutumina,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin da ya fara shigowa bai taɓa ƙirjinka ba, kuma Bev ta ji sauƙin bayanta.

Katinka ya iso. Layi biyu, kamar yadda ka saba: "Ba na zuwa. Ka ce musu na mutu." Ba zan iya ce musu ka mutu ba, Lindsay. A wurinsu kana nan Burnie, kana aiki a shagon kayan gini, gwiwarka tana ciwo.

Bari in ɗauko maka daga tushe. A 1996 wani Bajamushe ya shigo shagonmu da faifan a hammata. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ce, "Mista Tatnell?" Ranar kuwa manaja ya gama wanke ni tas a gaban jama'a a kan kwalin ƙusa. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji bakin ya ce, "Ni ne." Ya miƙo biro, na karɓa da dama, na ga ya ƙura wa hannun ido. A hoton ai bahago ne kai. Na mai da biron hagu, na rubuta sunanka kamar kaza ta yi tono.

Na ce daga shi ba ƙari. Zuwa yau mutum ashirin da uku ne. Su saya mini giya, ni kuma in ba su labarinka kamar nawa: yadda ka cire tsirkiya ɗaya ka bar biyar, yadda kake juya wa jama'a baya kana kiɗa, yadda ka ajiye jitar ranar da wani mai kamfani ya ce ka rage ƙara. In sun ce in ɗan kaɗa musu, in ce na rantse na bari. Wannan ma kwarjini ya ƙara maka. An ce akwai masu kiɗa a Osaka da suka koyi jita da hagu saboda kai, kai da ko cokali ba ka iya riƙewa da hagu. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kallon da suke yi mini. Ba wanda ya taɓa kallon Royce Febey haka.

Imogen ma da sunanka take kirana. Da ta ambaci Hobart na ce to, ban san abin da ya hau kaina ba. Sati shida ke nan ina cikin gareji da jitar aro, in gwada da hagu, in gwada da dama, duk kanwar ja ce. Ni mai kaɗa jitar bas ne, mai tsirkiya huɗu, dum dum dum, ka fi kowa sani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba kunyar da zan sha ce kaɗai ke hana ni sukuni ba. In na hau dandamalin nan da sunanka, mutum ɗari huɗu za su koma gida su ce ashe Lindsay Tatnell ɗin da ake ta zuzutawa ba komai ba ne. Minti arba'in ɗin nan na faifai su ne abin da ka bar wa duniya, ni kuma zan lalata su a la'asar ɗaya.

Jiya na faɗa wa Glenys. Ta ce, "Ashe shekara ashirin maza biyu nake aure, kuma ko ɗaya bai iya gyara famfo ba." Daga nan ta fita ta zauna a mota ta yi kuka.

Ka zage ni in ka ga dama, amma ka zo ka karɓi abinka.

Naka cikin kunya,
Royce.

Burnie,
21 ga Yuni.

Ɗan'uwana Lindsay,

Ina gaishe ka, ina gaida Bev. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Wasiƙarka ta zo ana saura kwana huɗu biki, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin gidan waya. Wato ka sani. Shekara bakwai ke nan da wani ɗan Japan ya je kamun kifi tsibirinku, ya ba ka labarin haɗuwarsa da Lindsay Tatnell, har ya nuna maka hoton sa hannun, kai kuma ka gyara masa injin jirginsa ba ka tona ni ba. A wasiƙar ka ce mini, "Riƙe sunan, ni ba na amfani da shi. Amma rubutunka ya yi muni." Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Na yi ta zagaye unguwa ina jin haushinka, har karenmu da ke biye da ni ya gaji ya kwanta a titi.

Na je Hobart. Zauren ya cika, akwai waɗanda suka taso daga Hamburg takanas. Na hau, na ce musu ni ba Lindsay Tatnell ba ne, hoto aka juya, jitar kawai na riƙe masa. Ka san abin da suka yi? Tafi. Suka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya daga baya, "Yana nan da halinsa, tsohon banza!" Ai an san ka da gudun suna, sun ɗauka wasa ne irin naka. Sau uku na maimaita, sau uku suna shewa. Na waiwaya, ga Imogen a gefen labule tana share hawayen dariya.

Hanya ɗaya ta rage mini. Na ɗauki jitar, na kaɗa musu waƙa ta huɗu. Wallahi ban ɓata da gangan ba, iyakar ƙoƙarina na yi, duk abin da na koya a gareji na zuba. Kafin minti ɗaya dariyar ta ɗauke. Wani dattijo a layin gaba ya rufe fuska da tafin hannu. Sai kujeru suka fara ƙara. Wata mata ta tsaya daidai ƙafata ta ce, "Allah wadaranka," ta wuce. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe, minti bakwai cur, ina kallon bayansu suna fita. Ban taɓa shan kunya irin wannan ba, ban kuma taɓa samun sauƙi irin wannan ba. Yanzu sun yarda ba ni ne na kaɗa abin da ke cikin faifan ba. Sunanka ya fita lafiya.

Imogen ba ta yi faɗa ba. Ta ce za ta buga faifan da hoton a daidai, ta nemi in gaya mata inda kake, na ce wannan sai da izininka. Sannan ta ce, "To kai wane ne?" Na faɗa mata. Ta ce in yi haƙuri, ta saurari faifan ya fi sau dubu, ba ta taɓa lura da bas ɗin ba.

Na sayi tikitin ƙaramin jirgin da ke tashi daga Launceston ran Alhamis. Akwai maganar da ba a yi wa mutum a takarda, ina so in tsaya a gabanka in yi ta. In na sauka ban ga motarka a filin jirgi ba, na fahimta, zan koma cikin jirgin da ya kawo ni, ba kuma zan sake damunka ba.

Ka huta lafiya.

Ni ne,
Royce Febey, mai kaɗa bas.